Maɓoyar yaƙin Albaniya ba su kai 700,000 ba

An daɗe ana cewa Enver Hoxha, tsohon shugaban Albaniya na zamanin kwaminisanci, ya cika ƙasar da maɓoyar yaƙi sama da 700,000. Zancen ya bi baki har ya zauna, amma takardun sojan ƙasar sun nuna 173,371 aka gina zuwa 1983. Ko wannan ma ai ɓarna ce ga ƙasar da talauci ya yi wa katutu.

Akasarinsu kuma ba su da wani zurfi. 'Yan tulluwa ne na kankare, kamar an kife ƙwarya, da siririyar taga ta bakin bindiga, soja ɗaya ko biyu suke ɗauka. Ƙatuwar da aka haƙa wa shugabanni a gefen Tirana, babban birnin ƙasar, mai hawa biyar da ɗakuna 106, ita aka buɗe wa masu ziyara a 2014 da sunan Bunk'Art.