Littattafan Fatsa: Wanne Za a Nuna wa Aboki, Yaya Za a Ba Shi Aro?

Masu kamun kifi da fatsa sun saba musayar littattafai kamar yadda suke musayar ƙugiya da zare. Sau da yawa kuwa wanda aka ba littafin kan karanta shi tas, ya je bakin ruwa ya dawo hannu rabbana, alhali littafin ba shi da laifi. An dai haɗa shi da ruwan da ba don shi aka rubuta shi ba.

Idan aka tambaye ka littafin fatsa da ya fi kowanne, me za ka ce?

Kada ka ambaci suna tukuna. Ka fara tambayarsa abu uku: wane irin ruwa yake zuwa, wane kifi yake nema, kuma da wane kaya yake aiki. Kogi mai gudu, tafki, madatsar ruwa da bakin teku kowanne da dabararsa.

Akasarin littattafan fatsa na Turanci an rubuta su ne a Ingila da Amurka, kuma da yawansu a kan kifayen ruwan sanyi suke magana. Kifin tirawut, wanda marubutan can suka fi ƙauna, yana walawa a ruwan da zafinsa yake tsakanin digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Salshiyas. Karfasa kuwa sai ruwa ya kai digiri 25 zuwa 30 take ci sosai, idan ya sauko ƙasa da 20 sai ta rage ci. Wanda ke neman karfasa ko tarwaɗa, shafi ɗari uku a kan tirawut ba zai ƙara masa kifi ko ɗaya ba.

Amma nisan ƙasa ba shi ne ma'auni ba, dangantakar kifi ita ce. Giwan ruwa da kifin baramundi na arewacin Ostareliya 'yan gida ɗaya ne, sunan kimiyya na duka biyun da Lates yake farawa. Dukansu kan laɓe a gindin itacen da ya nutse ko a gefen dutse su jira ƙananan kifaye. Saboda haka littafin baramundi ya fi amfani ga mai neman giwan ruwa a kan littafin da ya yi suna amma kifinsa daban.

Ba duk littafin fatsa ne yake koyar da fatsa ba?

A'a. Akwai na koyar da dabara: ɗaurin ƙugiya, jifa, zaɓen abinci, karatun ruwa. Akwai na gane kifi. Akwai na wurare, mai taswira da hanyoyi, wanda ya fi kowanne saurin tsufa. Sai na labari, mai daɗin karatu, wanda mutum zai gama bai koyi ƙulli ko ɗaya ba. Sabon shiga na farko da na biyu yake bukata. Idan na labari za ka ba shi, ka gaya masa na labari ne.

Yaya za a gane mai kyau kafin a karanta shi duka?

Minti goma sun isa. Buɗe bayan shafin take ka nemo shekarar bugun farko, ba ta sake bugu ba, domin ana sake wa tsohon littafi bango a sayar da shi kamar sabo. Daga nan ka duba ko akwai fihirisa a ƙarshe. Littafin da za a riƙa komawa gare shi in babu fihirisa wahala ce.

Gwaji mafi inganci shi ne na babin ƙulli. Ɗauki zare da ƙugiya, ka bi zanen mataki-mataki ba tare da ka yi amfani da abin da ka riga ka sani ba. Idan ka ɗaura ƙullin daga zanen kaɗai, mai littafin ya iya koyarwa. Idan zanen ya yi tsalle daga mataki na biyu zuwa ƙullin da aka gama, haka sauran bayanansa za su kasance.

Sannan ka karanta shafi biyu daga tsakiya ka ga ko yana faɗin dalili. "Ka jefa a bayan dutse" umarni ne kawai. Wanda ya ce gudun ruwa yana raguwa a bayan dutse, kifi ya huta a wurin yana jiran abincin da ruwa ke kawowa, ya ba ka abin da za ka ɗauka zuwa kowane kogi. Littafin da sunan kamfani ɗaya ke maimaituwa a kowane babi, ko wanda hotunan marubucin rungume da manyan kifaye suka fi zanen bayani yawa, a ajiye shi.

Tsohon littafi yana da sauran amfani?

Rabinsa. Halin kifi bai sake ba: inda yake fakewa, lokacin da yake fitowa ci, yadda inuwar mutum da takunsa a bakin gaɓa suke korar shi. Littafin Izaak Walton, da aka fara bugawa a Ingila a 1653, har yanzu ana sake buga shi, amma a zamaninsa da gashin wutsiyar doki ake tufka zaren fatsa.

Abin da ke tsufa shi ne kaya, doka da wuri. Zaren nailan bai fito ba sai ƙarshen shekarun 1930, kitsattsen zare siriri na zamani kuma sai farkon shekarun 1990 ya yaɗu. Wannan ya shafi ƙulli kai tsaye. Ƙullin da ake murɗa bakin zare sau 5 zuwa 7 a jikinsa, a mayar da shi ta ramin da ke kusa da idon ƙugiya, yana riƙe nailan da kyau, amma a kitsattsen zare yakan zame saboda santsi. A nan ƙullin Palomar, wanda ake ninka zaren biyu kafin a zura shi a idon ƙugiya, ya fi aminci. Littafin 1975 ba zai gaya maka haka ba, don zaren bai zo ba a lokacin. Idan kifi ya tafi da ƙugiya, duba bakin zaren: in ya nannaɗe, ƙulli ne ya zame; in ya yanke ƙat, tsinkewa ya yi.

Doka kuwa kada a ɗauke ta daga littafi ko kaɗan. A Ingila da Wales an hana amfani da darmar fatsa mai nauyin giram 0.06 zuwa 28.35 tun 1987, saboda manyan tsuntsayen ruwa na haɗiye ta suna mutuwa. Littafin da ya riga wannan shekara zai ce ka sa darma hankali kwance. Lokacin da aka rufe kamu, ƙanƙantar kifin da aka yarda a ɗauka, da batun lasisi, duk wurin hukumar da ke kula da ruwan ake tambaya.

Ma'aunan da ke ciki suna rikita mutum. Yaya za a yi?

Wanda zai ba da aro ya rubuta su a ƙaramar takarda ya saka a bangon ciki. Fam 1 giram 454 ne, don haka zare mai ƙarfin fam 10 yana ɗaukar kusan kilo 4.5. Oza 1 giram 28 ne da ɗoriya, inci 1 santimita 2.54, ƙafa 1 santimita 30.5. Zafin ruwa idan da Faranhait aka ba da shi, a cire 32, a ninka sau 5, a raba 9: 77 ya zama 25.

Lambar ƙugiya ta fi ruɗarwa. Daga lamba 1 zuwa sama, ƙaruwar lamba raguwar girma ce, lamba 12 ta fi lamba 4 ƙanƙanta. Amma 1/0, 2/0, 3/0 girma suke ƙarawa. Kamfanoni kuma ba su daidaita ba, lamba 4 ta wannan ba lalle ta yi daidai da ta wancan ba. Abin dogara shi ne tazarar da ke tsakanin tsinin ƙugiya da jikinta, a auna da milimita.

Watanni ma haka. Marubucin Turai in ya ce kifi ya fi ci a Yuni, farkon zafi yake nufi. A Afirka ta Kudu ko Ostareliya Yuni sanyi ne. A ƙasashen zafi kuwa cikar ruwa da janyewarsa ne ke juya kifi. A bar sunan watan, a nemi yanayin ruwan da yake kwatantawa.

Littafin gane kifi fa, hoto bai isa ba?

Bai isa ba. Launin kifi yana sakewa da irin ruwa, da lokacin haihuwa, har da mintocin da ya yi a waje. Littafi na gaske yana ba da abin ƙirgawa: yawan ƙayoyin bayan kifi, yawan ɓawon da ke jere a layin gefensa, yawan gashin baki. Ya kuma ba da sunan kimiyya, domin suna ɗaya kan hau kifaye uku, kifi ɗaya kuma ya amsa suna biyar.

Yaya za a yi aro littafi ya dawo?

Mantuwa ta fi rashin amana cinye littattafai. A ajiye littafin rajista ɗaya: sunan littafi, bugu na nawa, wanda ya karɓa, rana, ranar dawowa. Mako biyu zuwa uku sun isa, kuma littafi ba ya wucewa daga hannun mai aro zuwa na uku sai ya bi ta wurin mai shi. Idan ƙungiya ce, mutum ɗaya ya riƙe rajistar.

Littafin aro ba ya zuwa bakin ruwa. Mai aro ya kwafe ƙulli ko haɗin da yake so a ɗan kati ya tafi da shi. Rubutu a gefen shafi hakkin mai littafi ne, da fensir. Sauran su rubuta abin da suka gwada a takarda daban da ke tafiya tare da littafin, da kwanan wata da irin ruwan. Bayan hannu biyar ko shida, takardar nan takan fi wasu babobin daraja. Wurin kamun da wani ya nuna maka a asirce dai ba ya shiga cikinta.

Idan za ka nuna wa wani littafi ya saya, ba shi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da ake bugawa a bayansa, mai alƙaluma 13 tun 2007. Kowane bugun da aka yi wa gyara da tasa, ba zai sayo tsoho a madadin wanda aka gyara ba.

In ya jiƙe?

A yi sauri, domin cikin kwana biyu fumfuna kan fara. Idan da laka, a riƙe shi a rufe a ɗauraye bayansa da ruwa mai tsabta. A saka farar takarda mai shan ruwa bayan kowane shafi 20, ana sakewa idan ta jiƙe, a tsayar da shi a ɗan buɗe inda iska ke kaɗawa. Ban da rana, ban da wuta, suna lanƙwasa bango su lalata gam. Shafuka masu sheƙi, irin na hotunan kifi, su ne haɗarin: in suka bushe a manne ba sa rabuwa, don haka a raba su ɗaya bayan ɗaya tun suna jiƙe. Idan babu lokaci, a sa littafin a leda a jefa a firiza, ƙanƙara tana tsayar da ɓarnar har a samu sarari. In ya kusa bushewa a kwantar da shi a ɗora masa nauyi.

Laifi ne a ɗauki hoton shafukan a tura wa abokai a WhatsApp?

Ba da aron littafin da ka saya ba laifi ba ne. Kwafe shi gaba ɗaya a rarraba kuwa taka hakkin mallaka ne. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda akasarin ƙasashen duniya suka shiga, a yanzu tana kare aiki aƙalla shekara 50 bayan rasuwar marubuci, Amurka da Tarayyar Turai kuma 70 suke ba da shi. Tsofaffin da wa'adinsu ya ƙare ana samun da yawansu kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg, ana iya tura su ga kowa. Dabarar kanta ba mallakin kowa ba ce: ka bayyana ta da bakinka, ka faɗi littafi da shafi.

Littattafai biyu sun saɓa, wanne za a bi?

Duba shekara da irin ruwan kowannensu, yawanci a nan saɓanin ke warwarewa. In bai warware ba, a gwada. Mutum biyu, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kaya iri ɗaya, a bambanta abu ɗaya tak, misali girman ƙugiya. A yi musayar wurin zama kowane rabin awa, don kada albarkar wuri ta zama ta dabara. Fita ɗaya ba ta yanke hukunci, sai an maimaita a ranaku daban-daban, ana rubuta yawan cizo da yawan kifin da ya fito, domin wata ƙugiyar takan jawo cizo da yawa amma ta riƙe kaɗan.