Waiwaye: Yatsun da Injinan Haƙar Mai Suka Cinye a Amurka

A shekarar 1901 rijiyar Spindletop da ke jihar Texas ta tumbatsa da mai, kuma daga nan haƙa da bututu mai juyawa ta samu karɓuwa. Sai dai wannan fasaha ta zo da nata haɗarin. Tsawon kowane bututu ya kai kimanin ƙafa 30, dole a ɗaura shi da ɗan'uwansa, in za a fito da su kuma a kwance su ɗaya bayan ɗaya. Shekaru da dama da hannu ake wannan aiki. Ma'aikaci zai naɗa sarƙa a jikin bututu, inji ya fizge ta da ƙarfi don bututun ya juya, sannan a matse shi da wasu manyan ƙarafuna masu kama da awartaki. Ga taɓo, ga santsi, ga gajiyar aikin awa goma sha biyu. Idan sarƙar ta haɗa da safar hannu, kafin mutum ya ankara yatsa ya tafi. Abin ya zama ruwan dare har aka riƙa ɗaukar guntun yatsa a matsayin shaidar daɗewa a sana'ar. Wannan ne ya fi damuna a tarihin, domin da aka saba da abin sai aka daina neman maganinsa.

Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar kare lafiyar ma'aikata a 1970, hukumar OSHA, wadda ke sa ido kan lafiya da kariyar ma'aikata a wurin aiki, ta fara aiki a 1971. A 1983 hukumar ta gabatar da daftarin ƙa'idoji na musamman kan haƙar rijiyoyin mai da gyaransu, amma ba a taɓa kammala shi ba. A 1989 aka fito da ƙa'idar da ta wajabta kashe inji, a sa masa kwaɗo, a rataya alamar gargaɗi kafin kowa ya tura hannu ciki. Ita ce ƙa'idar da ta fi dacewa da kare yatsu, amma an cire aikin haƙar rijiyoyin mai da gyaransu daga cikinta.

Injinan sun ɗan rage ɓarnar. Na'urar da ke ɗaura bututu da kanta ta shigo a shekarun 1970, wadda ke juya shi daga saman hasumiya kuma a shekarun 1980. Amma ƙananan injinan da ke yawo daga wannan rijiya zuwa waccan don yin gyara, har yanzu hannun mutum suke buƙata kusa da igiyar ƙarfe da bel da famfo.

Kafin 2015 ba a wajabta wa kamfani sanar da OSHA ba sai an rasa rai, ko an kwantar da mutum uku a asibiti. Mutum ɗaya ya rasa hannu, zance na iya tsayawa a takardun kamfani. Daga ranar 1 ga Janairun 2015 aka ce duk gaɓar da ta guntule, ko da kan yatsa ne, a kai rahoto cikin awa 24. A shekarar farko kaɗai an samu rahoton guntulewar gaɓa 2,644 daga masana'antu daban-daban.

Da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta duba rahotannin da aka kai wa OSHA daga ɓangaren mai, ta ƙirga munanan raunuka 2,101 daga Janairun 2015 zuwa Yulin 2022. Kusan kashi 70 cikin ɗari sun faɗa ne kan ma'aikatan kamfanonin kwangila masu yi wa rijiyoyi hidima, kuma a cikinsu 417 guntulewar gaɓa ne. Wato wanda aka ɗauko haya, wanda aka ɗora wa wa'adi, shi injin ya fi kamawa. Wannan lissafi ma bai haɗa da jihohin da ke tafiyar da nasu tsarin kare ma'aikata ba, irin su California da Alaska da Wyoming, da kuma New Mexico wadda ke raba babban yankin mai na Permian da Texas.