Waiwaye: Yadda Aka Fitar da Gahawa Daga Inuwa, Aka Kuma Dawo Neman Bishiyoyi

Itacen gahawa irin arabika ɗan kurmi ne. A dazuzzukan kudu maso yammacin Habasha, wajejen Kaffa da Jimma, har yau yana tsirowa da kansa a ƙarƙashin manyan bishiyoyi, inda rana ba ta samunsa sai ta ratso ganye. Ya fi son tudu mai tsayin mita 1,000 zuwa 2,000 da zafin da bai wuce digiri 18 zuwa 22 ba. Daga can ya tsallaka Yaman, inda ake nomansa tun ƙarni na 15. Turawan Holan suka kai shi tsibirin Java a ƙarshen ƙarni na 17, ya isa Barazil a 1727. Barazil tun da wuri ta zaɓi sare daji ta shuka a fili, amma manoman Meziko, Amurka ta Tsakiya, Kolombiya da kudancin Indiya sun ci gaba da nomansa a inuwa.

Abin da ya sauya lissafi cuta ce. Tsatsar ganye wata funfuna ce mai fitowa kamar garin ruwan lemo a bayan ganye, ta sa ya zube, itacen ya tsaya tsirara. A 1869 ta ɓulla a Silon, wato Sri Lanka ta yau, ta rusa gonakin gahawa har tsibirin ya koma noman shayi. Da aka gan ta a Barazil a 1970, sannan a Nikaragua a 1976, hankalin hukumomi ya tashi. Hujjarsu ita ce funfuna tana son laima, inuwa kuma tana riƙe laima, don haka a sare bishiyoyi rana ta shiga. Hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ta zuba kusan dala miliyan 80 a wannan shiri a yankin Latin Amurka. Aka raba wa manoma gajerun iri kamar Caturra da Catuai. Hektar da a da take ɗaukar itace 1,000 zuwa 2,000 ta koma ɗaukar 3,000 zuwa sama da 5,000.

Amfanin gona ya ƙaru, wannan babu musu. Sai dai itacen da aka tsayar a rana yana yin fure fiye da ƙarfinsa. Idan 'ya'yan suka fara kumbura, sai su janye abinci daga ganye da rassa, rassan su bushe tun daga tsini, shekarar da ta biyo baya kuma a sami ɗan kaɗan. Maganin wannan shi ne takin zamani sau da yawa a shekara. Ƙasar da babu ganyen da ya rufe ta ciyawa ce ke mamaye ta, sai an yi feshi. A gangaren dutse kuwa, ruwan sama yana dukan ƙasa kai tsaye ya kwashe ta zuwa rafin da ƙauye ke sha. Itacen fili yakan gaji cikin shekara 12 zuwa 15, alhali na inuwa yana kai shekara 30 yana bayarwa.

Duk wannan yana tafiya ne muddin farashi na da kyau. A watan Yulin 1989 tsarin ƙayyade kason fitarwa na yarjejeniyar gahawa ta duniya ya rushe, kuma zuwa 2001 farashin fam ɗaya na nauyi (kusan rabin kilo) ya faɗi ƙasa da santi 50 na dala. A nan ne bambancin ya fito fili. Mai gonar fili ba shi da kuɗin taki, kuma gahawa ba a tuwo da ita. Maƙwabcinsa mai inuwa yana da ayaba, lemo da fiya na ci da na kaiwa kasuwa, yana da itacen girki daga rassan da ya datse, kuma idan kuɗin makaranta ya taso yana iya sayar da bishiyar katako guda. Wannan shi ne amfanin da ya fi shafar jama'a, kuma shi ne masu tsara shirin ba su saka a lissafi ba, domin buhun gahawa kawai suke ƙirgawa.

Masana tsuntsaye ne suka fara ɗaga murya daga waje. Tsuntsayen da ke barin Amurka da Kanada lokacin sanyi suna sauka a gonakin inuwa, a wuraren da dajin asali ya ƙare. Cibiyar nazarin tsuntsaye masu ƙaura ta Smithsonian da ke Amurka ta kira taro kan batun a 1996, daga baya ta fitar da shaidar Bird Friendly, wato tambarin gahawar da nomanta bai cutar da tsuntsaye ba. Sharuɗɗanta: inuwa ta rufe aƙalla kashi 40 cikin 100 na gonar, manyan bishiyoyin su kai mita 12, a sami nau'in bishiya aƙalla 10, kuma a yi noma ba da takin zamani ko maganin feshi ba. A 1999 masana biyu a Meziko, Moguel da Toledo, suka kasa gonakin gida biyar, daga wadda aka shuka a cikin daji har zuwa fili fetal. Rabon yana da muhimmanci, domin gonar da ke da nau'in bishiya ɗaya tal, da ake yi wa aski duk shekara, ita ma ana rubuta mata "ta inuwa" a jikin leda.

Tsuntsayen ba baƙin banza ba ne. Wani bincike a Kosta Rika da aka wallafa a 2013 ya nuna suna rage ɓarnar ƙwaron da ke huda 'ya'yan gahawa da kusan rabi. Wani na 2004 a ƙasar ya gano cewa ƙudan zuman da ke fitowa daga ragowar daji suna ƙara amfani da kashi 20 cikin 100 a itatuwan da ke cikin kilomita ɗaya da dajin. Bishiyoyi dangin wake irin su Inga da Erythrina a Latin Amurka, ko Albizia da Millettia a Habasha, suna ƙara wa ƙasa naitirojin, aikin da manomin gero ya san gawo da shi.

Ita kuwa tsatsar da aka sare bishiyoyi dominta, ta dawo da ƙarfi a 2012 da 2013, har Gwatamala ta ayyana dokar ta-ɓaci, kuma ba ta ƙyale gonakin fili ba. Gaskiya ne inuwa tana jinkirta bushewar ganye, amma itacen da ya yi lodin 'ya'ya fiye da kima ya fi saurin kamuwa.

Inuwar ma tana da iyaka. Bincike a jihar Chiapas ta Meziko ya nuna amfani yana raguwa idan ta haura kashi 50 cikin 100, kuma a wuri mai yawan hazo duhun yana jawo wata funfunar mai ɗiga tabo a ganye. Shi ya sa ake shuka ayaba a matsayin inuwar wucin gadi na shekara biyu zuwa uku, a dasa bishiyoyin dindindin da tazarar mita 8 zuwa 12, a riƙa datse rassansu bayan girbi don iska ta ratsa, a bar ganyen a ƙasa ya ruɓe. Bishiyar turare ba ta dace da wannan aiki ba saboda shan ruwanta, abin lura ga masu noman arabika a tsaunin Mambila, inda ta yawaita.

Alƙaluman da aka fitar a 2014 sun nuna cewa kason gonakin da ke ƙarƙashin inuwar gargajiya mai bishiyoyi iri-iri ya sauko daga kashi 43 a 1996 zuwa kashi 24 a 2010. A Habasha an sami kariya: UNESCO ta saka gandun Kaffa da na Yayu cikin dazuzzukan da ake karewa a 2010, ta kuma saka yankin Gedeo, inda ake haɗa gahawa da enset, wata shuka mai kama da ayaba, a ƙarƙashin bishiyoyi, cikin wuraren tarihi na duniya a 2023. A shekarar ce Tarayyar Turai ta kafa dokar hana shigo da gahawar da aka noma a dajin da aka sare bayan 31 ga Disamba, 2020. Dokar tana buƙatar a nuna inda kowace gona take a taswira, kuma a hoton tauraron ɗan'adam gonar inuwa tana kama da daji, don haka ƙaramin manomin da ya bar bishiyoyinsa yana iya shan wahalar kare kansa fiye da wanda ya sare nasa shekara 40 da suka wuce.