Ina Na'urorin Awo Marasa Waya Ke Ajiye Bayanai Don Batir Ya Daɗe?

Waɗanne irin na'urori ne?

Ƙananan na'urori ne da ake bazawa a gona ko daji ko jikin gada, suna auna zafi, laima ko girgiza, suna kuma tura wa juna saƙo ta rediyo. Ɗaya daga cikinsu mai suna Mica2, wadda masu bincike suka yi yayi a farkon shekarun 2000, batir biyu ne na AA ke riƙe da ita. In an baza ɗaruruwa a daji, wa zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana canza batir?

Me ya fi cin wutar?

Rediyo. A 2000, masu bincike biyu, Pottie da Kaiser, sun ƙiyasta cewa wutar da ake kashewa wajen aika ɗan guntun saƙo nisan mita 100 za ta ishi na'ura yin lissafi sau miliyoyi. Ko kasa kunne ana jiran saƙo ma cin batir ne, shi ya sa na'urorin ke yini suna barci.

To ina ya kamata bayanan su zauna?

In aka ce kowace na'ura ta aika duk abin da ta auna zuwa babbar tasha, na kusa da tashar ne za su fara mutuwa, don kayan kowa ta kansu yake bi. In kuma kowace ta riƙe nata, ajiya ta yi arha, amma duk mai tambaya sai ya yi shela har ta karaɗe filin.

Wani tsarin ajiye bayanai na 2002 da ake kira GHT (Geographic Hash Table) ya bi tsakiya: sunan bayani, a ce "gobara", shi ake lissafawa ya fitar da wani wuri a taswira, na'urar da ta fi kusa da wurin ta zama ma'ajiya. Mai ajiya da mai nema duk can za su nufa. A ganina dabara ce mai kyau, sai dai in bayani ɗaya ya yi farin jini, ma'ajiyarsa ce ke shan wahala.

An gwada irin wannan tsimi a fili?

Ƙwarai. A 2004 masu binciken Jami'ar Princeton sun rataya wa jakunan dawa na'urori a wuya a Kenya, cikin aikin ZebraNet. An tsara kowace ta adana inda dabba ta bi, in dabbobi sun kusanci juna su yi musayar bayanai, har su kai ga wadda motar masu bincike za ta gifta kusa da ita.