Doka ta 50: abin da ya hana ɗan wasa ɗaga tutar Tibet a Olamfik

A kundin tsarin gasar Olamfik akwai doka ta 50, kuma zancenta gajere ne: ba zanga-zanga, ba farfagandar siyasa ko ta addini ko ta launin fata a filaye da wuraren gasar. Kwamitin Olamfik na Duniya, wato IOC, ya ce nufinsa a raba wasa da siyasa. Ɗan wasan da ya karya ta yana iya fuskantar ladabtarwa, har ta kai ga kora.

Dab da gasar Tokyo a 2021 an ɗan sassauta. Ban da faɗin ra'ayi a gaban 'yan jarida ko a shafukan sada zumunta, yanzu ɗan wasa na iya durƙusawa a fili kafin a fara karawa. Amma a kan dandamalin karɓar lambar yabo, da bikin buɗewa da na rufewa, sai dai ya ja bakinsa ya yi shiru.

To, ina Tibet, yankin da ke ƙarƙashin mulkin ƙasar Sin, ta shigo? Sau biyu Beijing ta karɓi baƙuncin gasar, a 2008 da 2022. A watan Maris na 2008, zanga-zangar da malaman addinin Buda suka fara a Lhasa, babban birnin Tibet, ta rikiɗe zuwa tarzoma, jami'an tsaro suka murƙushe ta, aka hana 'yan jaridar waje shiga yankin. Hukumomin Sin sun ware wuraren shaƙatawa uku a Beijing don masu son zanga-zanga. Takardun neman izini 77 aka shigar, ko ɗaya ba a amince da ita ba. Shi kuwa Dhondup Wangchen, wanda ya zagaya da kyamara yana tambayar 'yan uwansa 'yan Tibet ra'ayinsu kan gasar, ɗaurin shekara shida ya sha.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, dokar ta ɗaure bakin ɗan wasa amma ta bar hannun mai masauki a sake. Ga kuma dokar ƙasar a gefe: tutar Tibet haramtacciya ce a Sin, kuma a Janairun 2022 wani jami'in kwamitin shirya gasar, Yang Shu, ya yi gargaɗin cewa kalaman da suka saɓa wa dokokin Sin za su iya jawo hukunci.

Sai a 2017 IOC ya saka sharaɗin kare haƙƙin ɗan Adam ɓaro-ɓaro a yarjejeniyar da yake ƙullawa da birnin da zai karɓi gasa, sharaɗin ya fara aiki daga gasar Paris ta 2024. Ita kuwa yarjejeniyar Beijing ta 2022, tun a 2015 aka sa mata hannu.