Waiwaye: Ramin Titi Ya Girmi Motar da Ta Faɗa Cikinsa

Duk birnin da titunansa suka kwana biyu, muhawarar iri ɗaya ce, kamar an haɗa baki. Masu motoci suna cewa haraji suke biya, amma kullum suna hanyar garejin makaniki. Masu riƙe da asusun birni suna cewa abin da ke hannu ko faci ba zai isa ba. Daga nan sai a rabu gida-gida: wasu su ce a ƙara harajin mai, wasu su ce a ciwo bashi a sake titunan gaba ɗaya a huta, wasu su ce a kafa shingen karɓar kuɗi. Kowace unguwa kuma tana ganin nata titin ne ya kamata a fara da shi. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ake maganar kamar annoba ce ta sauka bana, ko ruwan shekara ɗaya ne ya yi aika-aikar. Ramin da ya fasa maka taya yau ya girmi motarka, lissafin da ya haife shi kuwa ya girmi direban.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. A Ingila, dokar 1555 ta ɗora wa mazauna kowane yanki aikin gyaran hanya na kwana 4 a shekara ba lada, daga baya aka mai da shi 6. Aikin dole kuwa kowa ya san yadda ake yin sa. Daga 1663 aka fara kafa shingaye ana karɓar kuɗi hannun matafiya. Faransa ma ta yi nata aikin tilas ɗin a ƙarni na 18, har injiniya Pierre Trésaguet ya nuna cewa leburori na dindindin, kowa da ɗan yankin hanyar da yake duba wa kullum, sun fi taron gayyar da ba a so. John McAdam, wanda ya karɓi hanyoyin Bristol a 1816, ya zo da ƙananan duwatsu da doro a tsakiyar hanya don ruwa ya gangare, ya kuma nace cewa ƙasar da ke ƙarƙashi ita ke ɗaukar nauyi, muddin tana bushe. A 1902 Edgar Hooley ya yi rajistar haɗa tsakuwa da kwalta. Da mota ta yawaita, jihar Oregon ta Amurka ta fara karɓar harajin fetur a 1919, santi 1 kan kowane galan, duniya ta kwaikwaya. Dabarar ta yi kyau a ido: wanda ya fi tafiya shi ya fi shan mai, shi ya fi biya.

Abin da ba a cika ambata ba, wanda kuma a ganina nan ne maganar ta karya kwana, ya faru ne a gonakin da ke kusa da wani ƙaramin gari mai suna Ottawa a jihar Illinois, daga Oktoban 1958 zuwa Nuwamban 1960.

A can ƙungiyar jami'an hanyoyi ta jihohin Amurka ta shirya gwajin da ake kira gwajin AASHO, wanda ya ci kimanin dala miliyan 27. An shimfiɗa hanyoyi 6 masu zagayowa, an yanka su gunduwa-gunduwa sama da 800, kowanne da kaurinsa da irin shimfiɗarsa, wani kwalta wani kankare. Ɗaya daga cikin hanyoyin an bar ta ba abin da ke hawa, don a ga abin da rana da ruwa da sanyi kaɗai za su yi mata. Sauran 5 aka sako musu motoci, daga ƙananan a-kori-kura har manyan tireloli, an loda musu tubalan kankare da aka auna nauyinsu. Sojoji ne direbobin. Ka ƙiyasta saurayi a bayan sitiyari, ba garin da zai je, ba kayan da zai sauke, sai zagaye ɗaya, lanƙwasa ɗaya, alama ɗaya, dare da rana, wata da watanni. Kafin a tashi, gunduwoyin da suka kai ƙarshen gwajin sun sha hawan aksul sama da sau miliyan 1 kowanne. Aksul shi ne ƙarfen nan da ya haɗa tayoyin hagu da na dama, kuma ta kansa nauyin mota ke sauka a kan titi.

Masu gwajin sun yi abu biyu da ba a taɓa yi da wannan girman ba. Na farko, sun mai da lafiyar titi lamba. Sun sa mutane sun hau hanyoyi iri-iri suna ba su maki daga 0 zuwa 5, sannan suka gwama makin da abin da na'ura ke aunawa: gargada, tsagewa, lotsewar sawun taya, yawan faci. Daga ranar, "titin nan ya lalace" ya tashi daga ƙorafi ya koma abin da ake iya rubutawa a takarda a bi shekara-shekara.

Na biyu shi ne wanda ya kamata a ce ya girgiza kowane ofishin kasafi. An gano cewa ɓarnar da aksul ke yi ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyinsa. Idan ka ninka nauyin sau 2, ɓarnar ninki 16 take yi, wato 2 sau 2 sau 2 sau 2. Aksul mai tan 10, in aka kwatanta shi da mai tan 1, ɓarnarsa ta kai ninki 10,000. Motar da ya kamata ta ɗora tan 8 a aksul, mai kaya ya roƙi direba aka ƙara ya zama 12, a idonsu rabi kawai aka ƙara, titi kuwa ninki 5 ya ji a jikinsa. Haka in aka juya lissafin: raba kaya ɗaya a kan aksul biyu maimakon ɗaya, ɓarnar ta sauko zuwa kashi 1 cikin 8. An kuma ɗauki aksul mai fam 18,000, kimanin tan 8, a matsayin mudun awo, ana mayar da kowace mota zuwa gare shi.

Gwajin yana da nasa rauni, injiniyoyi ma sun sha faɗa. Ƙasa iri ɗaya ce, yanayi ɗaya, shekara 2 kacal, kuma yawancin kwaltar ta karye ne a lokacin narkewar ƙanƙara, abin da rabin duniya ba ta sani ba. Lissafin nan na 2 sau 2 sau 2 sau 2 ma ba lallai ya tsaya cif a haka ba, ya danganta da irin titin. Amma ba wanda ya rushe gundarin abin: ƙananan motoci dubbai ba sa yi wa ƙashin titi abin da babbar mota ɗaya ke yi.

To ina wannan ilimi ya tafi? Ya tafi teburin masu zane. Jagororin ƙirar titi da aka fitar bayan gwajin sun yaɗu har ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Ottawa ba. Aka saba da cewa ana zana titi ne don ya ɗauki adadin aksul kaza cikin shekara 20 ko makamancin haka. Wato tun ran gini tun ran zane: ranar da aka buɗe titi, injiniyan da ya zana shi ya san kusan shekarar da zai nemi sabuwar shimfiɗa. Teburin masu kuɗi ne ilimin bai isa ba. Harajin mai ya ci gaba da bin lita, alhali man da babbar mota ke sha ya fi na ƙarama da ninkin da za ka ƙirga da yatsu, ɓarnarta kuwa sai da dubbai. Ƙasashe kaɗan ne suka ɗinke wannan ɓarakar: New Zealand ta fara cajin manyan motoci bisa nauyi da nisan tafiya a 1978, Switzerland a 2001, Jamus ta sa wa tireloli kuɗin hawa manyan hanyoyinta a 2005. Ko a irin waɗannan wurare, tsarin na ƙasa ne, ba birni ke tsara shi ba. Titin cikin gari kuwa shi ke shan bas-bas, da motocin shara, da tifofin yashi, da tankoki, yawanci a kan shimfiɗar da aka yi wa lissafin zirga-zirgar wani zamani da ya wuce.

A daidai shekarun gwajin kuma wata al'ada ta kafu, ta raba kuɗin gini da kuɗin kula. Dokar manyan hanyoyin Amurka ta 1956 ta tanadi kashi 90 cikin 100 na kuɗin gina sabbin hanyoyin daga asusun tarayya, kula da su kuma aka bar wa jihohi. Sai a 1976 aka buɗe ƙofar amfani da kuɗin tarayya wajen sake musu shimfiɗa. Ba a Amurka abin ya tsaya ba. Kusan ko'ina, sabon titi yana shiga babin manyan ayyuka, inda ake samun bashi da tallafi, ana kuma yin bikin buɗewa. Cike tsaga da yashe magudana suna babin ayyukan yau da kullum, suna kokawa da albashi da asibiti da makaranta. In shekara ta yi tsanani, su ake fara yankewa, don titin da aka hana wa kula bana ba ya kuka bana. Birane kuma sun yi ta faɗaɗa bayan yaƙin duniya na biyu, unguwa bayan unguwa, cikin 'yan shekaru. Abin da aka haifa tare, tare yake tsufa.

Yadda yake tsufan ma ya isa a tsaya a duba. Kwalta tana bushewa da shekaru, baƙinta ya koma toka-toka, ta daina lanƙwasa. Sai siririyar tsaga ta fito, wadda ko tsinke da ƙyar zai shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, nan ma haka ne: ruwa ya bi tsagar ya sauka ya jiƙa shimfiɗar ƙasa. Taya mai nauyi ta danna, ruwan ya tsarto sama ɗauke da ɓurɓushin ƙasa. In ka lura bayan ruwan sama za ka ga ɗan farin laka a leɓen tsagar, wannan cikin titin ne ke fita. Ƙarƙashi ya zama kogo, sama ta farfashe kamar fatar kada, sunan da injiniyoyi ke kiran ta da shi ke nan. Wata rana taya ta ɗauke ɓallin farko. Abin da mai mota ya gani a matsayin farkon matsala, ƙarshenta ne. Ga kuma masu haƙa don bututun ruwa ko wayoyi, waɗanda ko sun cike ramin sun yi faci, sun bar wa ruwa sababbin ƙofofi a gefe huɗu.

Shi ya sa titi ke yin shekaru yana kama da lafiyayye, sannan ya rufta cikin ɗan lokaci. Kafin ruftawar, maganinsa toshe tsaga ne da ɗan siririn lulluɓi. Bayanta, sai an tone har ƙasa. Bankin Duniya ya sa wa wannan bambanci lamba a rahotonsa na 1988: a ƙasashe masu tasowa 85, an yi asarar hanyoyi na kimanin dala biliyan 45 cikin shekaru 20, asarar da kula ta ƙasa da dala biliyan 12 za ta hana. Daga nan ne aka yi ta kafa asusun hanyoyi na musamman a ƙasashe da dama, wasu suka yi aiki, wasu kuɗinsu ya bi wasu buƙatun.

Tun shekarun 1970 akwai ma'aunin da ke ba kowane titi maki daga 0 zuwa 100, kuma birane da yawa yau suna da kwamfutar da za ta faɗa musu wane titi za a taɓa a wace shekara. Matsalar ita ce amsar da take bayarwa ba ta shiga kunne. Cewa take a fara da titin da bai mutu ba, a bar mataccen ya jira, don kuɗin tone kilomita ɗaya zai ceci kilomitoci da yawa. Je ka faɗa wa mutumin da ƙofar gidansa ta zama tafki cewa an kai leburori titin da shi yake gani sumul. Ba zai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba. Sai a koma bin mafi lalacewa, masu dama-dama kuma su riƙa gangarowa suna shiga layi.

Ita ma rijiyar da ake ɗiba tana ja baya. Harajin fetur na tarayyar Amurka yana nan a santi 18.4 kan galan tun 1993, alhali kwalta da ƙarfe da ladan ma'aikata duk sun hau. Motoci sun rage shan mai, masu lantarki ba sa sha sam. Inda abin ya kai maƙura, wasu ƙananan garuruwa da gundumomi a can sun turo injin ya niƙe tsohuwar kwaltar wasu titunansu, aka baje ta, aka mai da su hanyar tsakuwa, don ita ce aljihunsu zai iya riƙewa.

Wani sashe na hanyoyin gwajin Ottawa ya shige cikin babbar hanyar Interstate 80, tireloli suna bi ta kansa har yau. Zagayen nan da aka hana motoci hawa kuwa an bar shi a gefen hanya, ciyawa tana fitowa ta tsagoginsa.