Sabuwar dokar haraji da kuɗin fansho: kafin miji da mata su taɓa asusunsu

Tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sabbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, suka kuma fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, saƙo ɗaya ke ta yawo a WhatsApp: wai gwamnati za ta riƙa yankar haraji daga fansho, don haka duk mai zubin ganin dama (ƙarin da ma'aikaci ke sakawa a asusun fanshonsa bisa na dole) ya yi maza ya kwashe abinsa ya mayar banki. Wanda ya bi wannan shawara zai ɗauko kuɗi daga inda doka ta kare shi ya kai inda ake cire masa kashi 10 cikin 100 na ribar da kuɗin ya haifa.

Dokar Fansho ta 2014 tana nan daram. Ta shafi ma'aikatan tarayya, na Abuja, na kamfanoni, da na jihohin da suka rungumi tsarin, irin su Kaduna. Sojoji ba sa ciki, Kano da Jigawa kuma suna da nasu tsarin daban. Sashe na 10 ya faɗi abu uku ƙarara: abin da aka zuba a asusun fansho ana cire shi daga albashi kafin a lissafa haraji, ribar da kuɗin ya haifa a cikin asusun babu haraji a kanta, haka ma abin da aka biya mutum bayan ritaya. Sabuwar dokar haraji ba ta rushe ko ɗaya ba. Kashi 8 na ma'aikaci da kashi 10 na mai ba shi aiki suna tafiya yadda suka saba.

To ina jita-jitar ta samo tushe? Daga sakin layi na huɗu na wannan sashe, wanda ya girmi sabuwar dokar da shekara goma sha ɗaya. Ya ce idan mutum ya yi zubin ganin dama, wato ƙarin da ya ɗora bisa kashi 8 na dole, sannan ya cire kafin shekara 5 su cika, za a cire haraji daga ribar da zubin ya haifa. Ribar kaɗai ake nufi. A ce ka zuba naira 600,000 a 2023, ta zama 750,000, ka cire a 2026: naira 150,000 ɗin nan ce haraji zai hau, uwar kuɗin ba ta ciki.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne lissafin shekarun. Ana ƙirga su ne daga ranar da aka yi kowane zubi, ba daga ranar buɗe asusu ba. Mai zuba kuɗi kowane wata tun 2020, na Janairun 2020 ya daɗe da tsallakewa, amma na bara yana da sauran tafiya. Sai ka ji magidanci na cewa "ai na fi shekara biyar ina zubi, me ya sa suka yanke ni?" Sun yanki ribar zubin baya-bayan nan ne. Kafin ka cike fom, ka nemi kamfanin fanshonka ya ba ka bayanin asusu mai nuna kwanan watan kowane zubi. Ka kuma sani cewa tun 2017 hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ta raba zubin ganin dama gida biyu: rabi ana iya taɓawa, rabi yana kulle sai ritaya. An yi haka ne saboda wasu masu manyan albashi sun mayar da asusun ƙofar baya, su zuba albashi a wannan wata don kauce wa haraji su kwashe a na gaba. A nan ban ga laifin hukuma ba. Sassaucin an yi shi ne don tanadin tsufa.

Yanzu ga batun ma'aurata. Nijeriya ba ta da asusun fansho na haɗin gwiwa, kuma kowa ana lissafa harajinsa shi kaɗai. Wannan ne ke nuna sunan wa ya kamata a yi zubin ganin dama. A sabon jadawali, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji, miliyan 2.2 na gaba kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, a haka har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Idan maigida yana da miliyan 6 a shekara bayan an cire abin cirewa, uwargida kuma miliyan 2, zubin naira 50,000 a wata zai rage masa harajin 108,000 a shekara, ita kuma 90,000. Idan kuɗin shigarta bai kai 800,000 ba, babu abin da zai rage mata, tunda dama ba ta biya. Wannan ɓangare ne da bai kwanta mini ba: mai ƙaramin ƙarfi, wanda ya fi kowa bukatar a ƙarfafa masa gwiwa, shi ne ba ya samun komai. Zubin kuma sai ya bi ta hannun mai biyan albashi kafin sassaucin ya fito a takardar albashi.

Amma kada lissafin haraji ya rufe ido. Asusu na mai sunansa ne. Idan ya rasu, sunan da ya rubuta a matsayin makusanci ba ya mayar da mutum magaji. Sai da wasiyya ko takardar izinin gado daga kotu, a gidan Musulmi kuma rabon gado ne zai yi aiki. Matar mamacin da ya bar 'ya'ya tumuni take samu, idan matan suna da yawa su raba tumunin. Matar da ta yi shekara ashirin tana ɗinki ko sayar da abinci tana tallafa wa tanadin da ke asusun mijinta kaɗai tana iya tashi da ɗan abin da bai kai wahalarta ba. Tun 2019 akwai tsarin fansho na masu sana'ar kansu, za ta iya buɗe nata. Bambancin 18,000 a shekara bai kai a bar ta babu komai da sunanta ba.

Abin da ke wajen fansho kuwa, nan haraji yake. Ribar ajiyar banki ta ƙayyadadden lokaci, ribar hannun jari da kamfani ke rabawa, da ta takardun baitulmali masu gajeren zango, duk ana cire kashi 10 tun kafin kuɗin ya iso hannunka. Takardun lamunin gwamnatin tarayya an keɓe su. Sayar da hannun jari ba ya jawo haraji idan abin da aka sayar cikin wata 12 bai kai miliyan 150 ba, ribar kuma ba ta wuce miliyan 10 ba, wanda yawancin gidaje ba za su kai ba. Don haka kuɗin makaranta, asibiti da aurar da yara su zauna a waje inda hannu zai kai, kuɗin da ba za a nema ba sai bayan shekara 5 su shiga fansho. Masu gudun riba ta haram suna da Asusu na Shida a kamfanonin fansho, da Sukuk, wato takardun lamuni bisa tsarin Musulunci, na gwamnatin tarayya da ofishin kula da basussuka ya fara fitarwa a 2017.

Ƙofofin da doka ta bari kafin shekara 50 kaɗan ne. Wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba yana iya karɓar kashi 25 na asusunsa. Tun 2022 kuma ana iya amfani da har kashi 25 a matsayin kafin alƙalami na bashin sayen gida, ga wanda ya yi zubin wata 60. A nan ne kaɗai aka yarda miji da mata su haɗa takarda ɗaya, muddin kowannensu ya cika sharaɗin a asusunsa.